Yayana Mai Rabon Naman Kumatu

Sati uku ke nan da yayana ya rasu a Aston, wata unguwa a Birmingham, kuma tun ranar ban zauna a kujera ɗaya na cika awa ba. Sau biyar na hau bas daga Manchester zuwa Birmingham, sau biyar na dawo. 'Yata ta ce in zauna wuri ɗaya kada jinina ya hau. Na ce mata ya riga ya hau, ta dai samo takarda ta rubuta abin da zan faɗa, tun da ni ba a sa ni makaranta ba. In ban faɗa ba, maganar masu gaisuwa ce za ta zauna, su kuwa rabin mutumin suka sani.

Na gan su duka. A kusurwar falo na zauna, inda nake ganin ƙofa da kicin lokaci ɗaya. Matan zumunta sukan fara kuka tun daga matakala, in sun shigo sun zauna sai su tambayi wa ya dafa shinkafar. Ban ga laifinsu ba, tafiya ce mai nisa. Fasto ya ce bango ya faɗi. Da wasu suka shigo ya sake cewa bango ya faɗi, har sau huɗu na ƙirga. Wani tsohon Bature maƙwabcinsu ya zo da furanni, ya rasa wanda zai miƙa wa, ya zauna da su a cinya har ya tashi tafiya. Sai ɗaliban jami'a, Musulmi 'yan Kano da Katsina, su shida, suka cire takalma a bakin ƙofa suka durƙusa suka ce Allah ya ba mu haƙuri. Babban cikinsu, wani mai gemu, shi ya yi kukan da na yarda da shi a gidan nan, don bai so a gani ba.

'Yar yayana ba ta yi kuka ba. Ita kaɗai ya haifa. Tana zagayawa da tiren shayi, bayanta a ɗan karkace. Da ta iso kaina ta ce, "Sannu da zuwa," kamar yadda ta ce wa Baturen. Shekara huɗu ke nan rabon da mu yi maganar da ta fi wannan tsawo. A ranar kuma na ji matar Fasto tana raɗa cewa kansil, wato hukumar garin, zai karɓi filat ɗin, domin an gina shi ne don mai keken guragu, kuma yarinyar ta ce da zarar an binne mahaifinta za ta bar garin, ba ta gaya wa kowa inda za ta ba. Abin da ya hana ni zama ke nan. In ta tafi a haka, jinin yayana ya ɓace mini, kuma hannuna ne ya kore ta. Zan zo kan wannan. Bari in fara faɗin ko wane ne shi.

A gida mai bishara ne, a wani ƙauye bayan dutse inda mota ba ta shiga da damina. Shekara talatin da wani abu ba shi da gona tasa, abin da 'yan ikilisiya suka kawo shi ake dafawa. A tsaye yake cin abinci, wai zama na sa ciki ya yi tsammanin ƙari. Ba ya amsa tambaya sai ya cire tabarau ya goge da gefen riga, ko da tambayar ƙarfe nawa ce. Ya iya gyaran keke fiye da yadda ya iya wa'azi, kuma na gaya masa haka ido da ido. Ya ce keke ba ya musu, shi ya sa.

Bayan matarsa ta rasu ne 'yarsa ta kawo shi Birmingham. Lokacin tana aiki a laburaren kansil. Ni na riga shi zuwa, ina Cheetham Hill a Manchester wurin 'yata ina renon jikoki. Bai yi wata uku ba ya tsinci wani ƙaton littafi a shagon gwanjo, mai nauyin dutsen niƙa, cike da lambobi. Da shi ake bin kalmomin Littafi Mai Tsarki zuwa asalinsu na Ibrananci. Shi da bakinsa yakan ce bai iya Ibrananci ba, leƙe kawai yake ta taga. Amma yana da hanyarsa. Yakan ce kalma akuya ce, in kana so ka san halinta kada ka tambayi mai sayarwa, bi ta da yamma ka ga gidajen da take shiga.

Akuyar da ya fi bi ita ce wata 'yar kalma, lehi. Ni da ban san ko bihim ba na haddace ta don yawan ji. Kunci ke nan, in ji shi, gefen fuska duka har da muƙamuƙi, na mutum ko na dabba. Ya bi ta wuri ashirin da ɗoriya, yana rubutawa a wani ƙaramin littafi mai baƙin bango. Ga ta a fuskar amarya inda ango ke yabon kumatunta cikin kayan ado. Ga ta a hannun ƙaƙƙarfan nan da ya tsinci muƙamuƙin jaki ya yi yaƙi da shi. Ga ta a fuskar birnin da aka ci, wanda ke kuka kamar gwauruwa, hawaye bai bushe masa ba. Na ce masa mutane na neman aiki shi yana neman kumatu. Ya cire tabarau ya goge, ya ce kowa da aikinsa.

Wurin da ya fi faranta masa rai shi ne dokar rabon nama. A ƙauyen da ya yi bishara, in an yanka dabba akan aiko masa da kafaɗa da naman kumatu. Bai taɓa tambayar dalili ba, ya ɗauka al'adar mutanen dutse ce. Sai ga shi a Littafi: masu hidima a ɗakin Allah ba a raba gona da su ba, don haka duk wanda ya yi yanka ya ba su kafaɗa da kumatu biyu da tumbi. Ya kira ni a waya yana ta murna kamar wanda ya gamu da ɗan garinsu a tashar mota. Tuwona ya kama a tukunya saboda shi.

Daga nan ya shigar da abin cikin watanda. Duk shekara, Asabar ɗin da ke gaban Kirsimeti, iyalanmu na Manchester da na Birmingham kan haɗu a majami'armu, wadda saman wani tsohon sito ce a Cheetham Hill, a raba saniya guda. A shimfiɗa tampol, a kasa nama kashi-kashi, mutum ɗaya ya juya baya yana kiran gida, wani yana nuna kashi, don kada a ce an yi son kai. Yaya ne mai wuƙa. A ƙasar nan ba a ba ka kan saniya, doka ta hana, sai ya yi ta sintiri wurin mahauci, wani ɗan Pakistan, har mutumin ya gaji ya riƙa ware masa kumatun daban. Su ba sa shiga kashi. Yaya kan naɗe su a takarda ya miƙa wa Fasto da hannu biyu ya ce, "Rabon wanda ba shi da gona." Fasto kuwa yana da aiki a kamfanin bas, ga mota sabuwa. Na faɗi haka, kowa ya ji. Yaya ya ce in nuna masa gonar.

Mai gemun nan da ya yi kuka, ta keke suka saba. Ya kawo gyara, ya tarar da tsoho da ƙaton littafi, suka yi ta musu har la'asar ta kusa wuce shi. Yaya ne ya tuna masa, ya shimfiɗa masa tawul mai tsabta a ɗaki. Ɗalibin ne ya gaya wa Yaya cewa kalmar nan lehi tana da 'yar'uwa a Larabci, wurin da gemu ke tsirowa, Yaya ya yi sati yana ba kowa labari, har da Baturen. Da matar ɗalibin ta haihu, babu uwa babu inna a ƙasar, Yaya bai yi shawara da ni ba, ya ce musu ƙanwarsa na zuwa gobe. Na yi faɗa a waya, na hau bas. Kwana goma ina dafa ruwa a tukunya ina gasa wa 'yar mutane jiki, ina dama kunun kanwa. Halinsa ke nan. Yakan yi alheri da hannunsa, in nasa bai kai ba ya yi da naka.

Ya fi ni karatu, na fi shi ido. Ni na fara ganin ciwon. Muna shan shayi wata Lahadi bayan sujada, na ga shayin na zubowa ta gefen bakinsa, kuncinsa na hagu ya sauka kamar rigar da ta zame daga ƙusa. Yana cewa ba komai, na sa 'yarsa ta kira motar asibiti. Ya rayu, amma ɓarin jikinsa ya tafi.

Abin ya faɗo a shekarun da gwamnati ta tsuke bakin aljihu. An rufe laburaren, yarinyar ta koma aiki a teburin karɓar marasa lafiya na wani likitan unguwa, irin wanda suke kira GP. Matan da kansil ke turowa su yi masa wanka su juya shi, da farko sau huɗu suke zuwa a rana, aka mai da su biyu, kuma ko jaka ba su gama ajiyewa ba agogo zai ce su tafi. Ban zarge su ba, su ma korarsu ake yi. Sauran duk a kan 'yarsa ya faɗa. Ita ke ɗaga shi daga gado zuwa keke, daga keke zuwa bayi. Ni ina zuwa sau ɗaya a wata da tuwo a kula, in duba ƙura a kan talabijin, in yi magana a kai, in koma. Na ce wa 'yata wannan ma ta rubuta, kada ta tsallake.

A watandar shekara ta biyu da ciwon ta kawo shi a keke, maza huɗu suka hau da shi matakala. Ba ya iya riƙe wuƙa, amma yana nuna inda za a yanka. Mu mata muna bayan labule muna wanke kayan ciki, sai ta matso kusa da ni ta ce a hankali, "Gwaggo, na samo wa Baba wuri a gidan tsofaffi a Ladywood. Suna da injin ɗaga mutum. Kullum zan riƙa zuwa."

Ban tambaye ta komai ba. Hannuna da jinin nama na ɗaga na mare ta. Mata goma sha biyu suna tsaye. Na ce uban da ya riƙa goya ta a keke zuwa makaranta damina da rani ba buhu ba ne da za a kai sito. Shatin yatsuna ya fito ja a kuncinta. Ba ta goge ba. Ta ɗaga labule ta wuce ta tsakiyar maza a haka, ta tsaya bayan keken mahaifinta har aka gama rabo.

Marin ya yi aiki, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Ba ta kai shi ba. Gari biyu sun ji, kunya ta hana. Ta ajiye aikin GP, ta zauna da shi shekara huɗu. Mutumin da ke nemanta ya jira, ya gaji, ya auri wata. Bayanta ya karkace. Ni kuwa watanni ina yawo da kai a sama, matan zumunta na cewa ashe da sauran iyaye a duniya.

In na zo Aston takan buɗe mini ƙofa ta ɗauki jaka ta fita, sai na tafi ta dawo. A irin wannan zuwan ne Yaya ya sa na ɗauko masa littafin nan mai baƙin bango. Maganarsa ta yi nauyi, sai ka kasa kunne. Ya ce akwai gidajen da akuyar ke shiga da bai taɓa gaya mini ba. Akwai annabin da ya gaya wa sarki gaskiya game da yaƙi, wani annabin ƙarya ya matso ya mare shi a gaban fada. Akwai mai haƙurin nan da ya rasa 'ya'ya da dukiya, ya ce mutane sun taru suna marinsa don wulaƙanci. Akwai shugaban da aka buga wa sanda a kunci, akwai bawan Allah da ya miƙa kumatunsa ga masu tsige gemu. Ya ce a wurin mutanen nan ba don ciwo ake mari ba, don a sauke mutum ne a gaban jama'a.

"Na bi ta gida-gida," ya ce. "Duk inda mutum ya mari mutum, wanda aka mara shi ne mai gaskiya. Wuri ɗaya ne mai bugun yake da gaskiya, a nan kuwa Allah ne da kansa yake bugun mugaye." Ya yi ƙoƙarin cire tabarau da hannu ɗaya, na cire masa. "To, ƙanwata, ke Allah ce?"

Na ce yarinya ce za ta jefar da ubanta, sai in zuba ido?

"Ni na ce ta nemo wurin. Wata uku ina roƙonta. Ina jin ƙarar bayanta in ta ɗaga ni."

Na tambaye shi me ya hana shi faɗa a ranar. Ya ce ya buɗe baki, bakin ya ƙi shi, kafin ya haɗa kalma uku an koma rabon nama. Daga baya ya gaya wa Fasto, ya gaya wa duk wanda ya shigo, amma ta riga ta rantse ba za ta kai shi ko'ina ba, ko da a ƙarƙashinsa za ta mutu.

Ba a taɓa ganin fushinsa irin na ranar da matan zumunta suka je yi wa 'yarsa nasiha ba. Matar Fasto ce ta ba ni labari. Sun ce ta yi haƙuri, ta juya ɗaya kuncin kamar yadda Ubangiji ya koyar, ta je ta gai da gwaggonta. Ya buga hannunsa mai lafiya a kan keke har kofi ya faɗi. Ya ce kullum wanda aka mara ake bi da wa'azi, mai marin kuwa a kai masa gaisuwa. Ya ce su tashi su hau bas su je Manchester, can ake bukatar wa'azin. Ba wadda ta zo. Tsorona suke ji, na kuma san haka.

Daga shekara ta gaba ya canza rabo. Ita ta daina hawa sama, takan kawo shi ta jira a mota. Ya sa aka naɗe kumatun, ya ce a gaban kowa wannan na mai hidimar da ba ta da gona ne, ba aiki, ba miji, ba Lahadi. Fasto ya fi kowa ƙarfin amin. Yaya ya ce ni zan dafa, don ba wanda ya kai ni farfesu, kuma ni zan kai mata da hannuna. Na dafa. Naman kumatu sai an yi haƙuri da shi, awa huɗu a wuta kaɗan-kaɗan kafin ya saki. Amma surukina, mijin 'yata, nake ba wa ya kai mata. Kirsimeti huɗu haka. Kular takan dawo a wanke, ban san wa ya ci ba.

Ya roƙe ni ba sau ɗaya ba. Ya ce a gaban mutane na ɓata, a gaban mutane zan gyara. Na ce ni na yi mata wankan farko ranar da aka haife ta, ba zan durƙusa wa 'yar da na yanke wa cibiya ba. Ya ce babba juji ne. Na ce jujin ya cika. Zuwana na ƙarshe na ce masa bayan Ista zan yi. Ya dube ni da idon nan ɗaya da ke buɗewa sosai ya ce, "Kin yi shawara da mai kwanakin?" Bai kai Ista ba.

Asabar ɗin da ta wuce muka binne shi a Birmingham, don ya hana a wahalar da kowa da kai gawa gida, ya ce ƙasa duk ta mai ita ce. An yi ruwa. Daga maƙabarta aka taru a wani zaure da aka ara a Aston don cin abinci. Na ƙirga matan da suka ga marin. Tara suna nan, biyu sun koma gida, ɗaya ta riga shi. Na kasa cin komai. Na tashi na zauna, na fita na dawo. Sai na ga ta fara tattara kofuna, jakarta a kafaɗa, na san in ta kai ƙofa shi ke nan.

Na tare ta a tsakiyar zauren. Gwiwoyina sun daɗe ba su lanƙwasu ba, na kama gefen tebur na sauka na durƙusa. Surutu ya mutu.

"Ɗiyata," na ce, "na mare ki a gaban waɗannan, kuma ke ce mai gaskiya. Na ci miki shekara huɗu. Ki yafe mini."

Ta dube ni, kofuna a hannu. Wata cikin matan ta fara cewa ai shi ke nan, a gode wa Allah. Yarinyar ta ce mata da Turanci ta yi shiru, ta kuwa yi.

"Kullum Baba yana cewa in ba ki lokaci," ta ce. "Duk zuwanki, in na fita nakan tsaya a matakala ko za ki kira ni. Ba ki taɓa kira ba. Sai yau da ba zai ji ba."

Sai ta ci gaba.

"Ban sani ba ko na yafe. Ba zan yi miki ƙarya ranar da na binne ubana ba." Ta ajiye kofunan. Ta zagaya bayana ta sa hannuwa ƙarƙashin hammatana, ta ce in sakar mata nauyina in ta ƙirga uku. Ta ɗaga ni tsaye cak. Na ji numfashinta ya ɗauke don ciwo, ta kama tebur har ya dawo.

"Ranar Laraba mutanen kansil za su zo ɗaukar gadon da keken," ta ce. "Ba na so in kasance ni kaɗai. In za ki zo, ki zo da wuri. Kuma ba na son nasiha."

Ban tambaye ta inda za ta koma ba, ita ma ba ta faɗa ba.

Allah ya ba yayana hutun da bai samu a gadon nan ba, ya sa mu tarar da shi a tsaye da ƙafafunsa biyu. Ku da kuka san shi, ku yi wa 'yarsa addu'a kafin ku yi mini. Gobe Laraba. Bas ɗin farko ƙarfe bakwai yake tashi, na gaya wa surukina ya kai ni tasha tun shida.